Ranar da Badi'a Ta Kulle Akwatin Gammo

A bakin Gwaggo Uwaliya, tsohuwar da ko sunanta ba ta iya karantawa, Badi'a ta fara jin labarin sabon aikin da aka ɗora mata a jami'a. Gidan suna ne a Gammo, ana tsakiyar rabon waina, Gwaggo ta cafko hannunta ta ɗaga sama, ta rangaɗa guɗa.

"Ga ta nan, 'yar Malam Bashari! Ashe ke aka ɗora a kan jarrabawa? Ashe ranar Litinin za a zubo miki tambayoyin gaba ɗaya a cikin akwatin nan? Kai, Allah ya sanya albarka, 'yar nan!"

Mata suka ɗauka da amin. Badi'a ta yi murmushi irin na dole. Ita dai da ta baro Kano intanet ɗin jami'a a mace yake, an ce babu man janareta, don haka ba ta ga saƙon kowa ba.

"Gwaggo, wa ya faɗa miki?"

"Wa kuwa in ban da yayanki Dabo? Jiya ya karanto mana a zauren Malam, bayan ya gama da saƙon Ƙasim. Da Turanci aka rubuto, ya fassara mana tiryan-tiryan."

Tabɗi! Badi'a ta ajiye kwanon wainar a gefe.

Yadda abin ya faro kuwa, babu wanda ya yi shi da mugun nufi. Lokacin da jami'a ta ɗauke ta ƙaramar malama a Sashen Lissafi, aka buɗe mata akwatin imel da sunanta. A shekarar ce ƙanenta Ƙasim ya tafi karatu Sudan. Wasiƙa ta gidan waya sai ta yi watanni a hanya, kiran waya kuwa ba na talaka ba ne. Sai Badi'a ta ba Ƙasim adireshinta, ta ba yayanta Dabo kalmar sirrin buɗe akwatin, don in ya shiga Gwarzo saro taki ya tsaya a shagon intanet na Ɗanladi ya bugo wa Baba saƙon ɗansa a takarda.

To, ai mutanen Gammo ba baƙin irin wannan ba ne. Tun zamanin da, wasiƙun gari kaf ta akwatin gidan waya na hedimasta suke zuwa, kuma ba a taɓa jin hedimasta ya ce akwatin nasa ne shi kaɗai ba. Da aka ji 'yar Malam ta samu akwatin da saƙo ke isowa a yini guda, sai kowa ya miƙo nasa. Mai ɗa a Legas ya kawo, mai miji a Makka ta kawo, har wani mai neman maganin ciwon ƙafa daga Agadas. Sanarwar haihuwa, ta rasuwa, cigiyar wanda ya yi shiru, duk ta nan. In Dabo ya dawo daga Gwarzo da takardu a aljihu, zauren Malam cika yake yi. Badi'a ma daɗi abin ya riƙa yi mata, don me za a ɓoye? Ana cewa akwatin Badi'a kamar yadda ake cewa rijiyar masallaci.

Sai dai a jami'a ba haka ake kallon abin ba. Shugabar sashensu, Dakta Raliya, mace ce da ba ta kwana-kwana. A taron malamai na farkon zango ta buga tebur ta ce, "Duk abin da ya fita daga akwatinka, kai ka fitar da shi. Kwamitin ladabtarwa ba ya jin ƙanena ne, ba ya jin abokina ne. Kalmar sirrinka taka ce kai kaɗai." Badi'a ta ji, ta sunkuyar da kai, ta ce a ranta ai nata akwatin gaisuwa ce kawai a ciki. Yanzu ga shi tambayoyin jarrabawar sashe gaba ɗaya za su faɗo cikinsa. Kuma a ajin da take koyarwa akwai 'yan Kabo, akwai 'yan Gwarzo, 'ya'yan mutanen da ke durƙusawa su gai da babanta. Tambaya ɗaya ta fita, shi ke nan. Ita da har yanzu a kan gwaji take, a wannan zamani na tsuke bakin aljihu da gwamnati ta rufe ɗaukar ma'aikata, kora ce kai tsaye. Korar ma da sauƙi, a kan a ce 'yar Malam Bashari ta sayar da jarrabawa, a shekarun nan da ko'ina ka juya wa'azin Shari'a da riƙon amana ake yi.

Ta tashi ta gyara hijabinta. Hanyar gida ta fara kamawa don ta sanar da Baba, har ta hango ƙofar zaure, sai ta ja ta tsaya. Ta san mahaifinta. In ta nemi izini ya ce a bar akwatin yadda yake, to magana ta ƙare, ba ta da bakin saɓa masa. In kuwa ta riga ta yi, laifi ne da za ta durƙusa ta nemi gafara a kansa. Ta juya ta nufi bakin hanya.

Ta yi ta jiran motar Gwarzo a Kabo, saboda wahalar mai ta sa motoci sun yi ƙaranci. Da ta samu, aka cusa ta kujerar baya ta mata, tsakanin wata mai goyo da buhun barkono. Atishawa ta yi ta yi har Gwarzo.

Shagon Ɗanladi ɗaki ɗaya ne kusa da tasha, da kwamfutoci a jere jikin bango da janareta yana ta kururuwa a waje. Tun da 'yan Hisba suka fara leƙowa ya rataya labule a tsakiya, maza a nan, mata a can. Yana ganin ta ya washe baki.

"A'a! Yau mai akwati da kanta? Sannu da zuwa, Malama. Ya hanya? Ya Malam? Ya mutanen Gammo? Zauna, zauna, bari in shigar miki, ai na haddace ta."

"Ka haddace me?"

"Kalmar mana. Gammo, sai shekarar haihuwarki." Ya faɗa da ƙarfi, har wani saurayi a bayan labule ya yi dariya. "Wani lokacin Dabo ba ya samun shigowa, sai ya aiko direba ya ce in buɗe in bugo. Ai ita kanta kwamfutar nan ta san ki, kina danna harafin farko za ta ƙarasa miki."

Ya danna, ai kuwa ta ƙarasa. Akwatin ya buɗe ba tare da Badi'a ta taɓa komai ba. Wallahi ji ta yi kamar ta dawo gida ta tarar da ƙofar ɗakinta a wangale, 'yan unguwa na zaune a kan gadonta. Kunya ta kama ta, haushin kanta ya fi kunyar yawa. Ga saƙon Dakta Raliya nan an riga an buɗe shi, yana cewa an naɗa ta mai kula da jarrabawar sashe, kuma ranar Litinin malamai za su turo mata tambayoyinsu ta tattara ta aika wa mai dubawa na wata jami'ar.

"Ɗanladi, ɗan ba ni wuri."

Ya matsa taku ɗaya, ya tsaya yana leƙe, ba don komai ba sai don ya saba. Badi'a ta jawo gefen hijabinta ta lulluɓe hannuwanta da allon dannawa gaba ɗaya, ta yi ta lalube a ƙarƙashi kamar mai ƙulla kuɗin cefane a bakin zane. Ta zaɓi kalma mai tsawo wadda ba sunan gari ba ce, ba sunan kowa ba, haruffa da lambobi a cakuɗe. Ta duba tambayar da ake yi wa wanda ya manta kalmarsa, ta ga an rubuta sunan mahaifiya. Sunan da duk Kabo aka sani! Ta canza ita ma.

"Yanzu ka goge tsohuwar daga kan kwamfutocin nan, dukkansu, ina kallo."

Fara'ar Ɗanladi ta ɗauke. "Malama, ni ɓarawo ne? Na taɓa ɗaukar miki wani abu?"

"Ko tsinke ba ka taɓa ɗauka ba. Goge dai."

Ya goge yana ƙunƙuni. Ita kuma ta buɗe wani sabon akwati na kyauta, ta sa masa sunan Gammo, ta kwashe saƙonnin Ƙasim da na sauran jama'a ta tura can, ta rubuta wa kowa cewa daga yau nan za a riƙa aikowa. Janareta ya mutu sau biyu tana cikin yi, ta jira. Da ta gama ta fita daga akwatinta, ta sake gwadawa ta tabbatar ya kulle, ta ƙudurta cewa tana isa Kano za ta sake canza kalmar a kwamfutar ofis. Ɗanladi ko rakiya bai yi mata ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar yana Gammo, yana zaune a ƙofar gidansa yana wanke babur.

Dabo ba yaya ba ne kawai a wurinta. Lokacin da baffanninsu suka taru suka ce karatun boko na 'ya mace ya tsaya a sakandare, shi ya miƙe a gabansu ya ce ba ta tsaya ba. Shekara da shekaru shi ke goya ta a keke zuwa makaranta, damina da rani. Da ta dawo Gammo ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gona, sannan ta faɗa masa abin da ta yi, ta faɗa masa adireshin sabon akwatin gari da kalmarsa.

Ya matse tsumman da ke hannunsa a hankali.

"Kin kulle."

"Na kulle, Yaya. Amma ga wannan, komai na mutane yana ciki."

"Ban tambaye ki wannan ba. Ni kika kulle wa?"

"Ba kai ba ne, Yaya, doka ce ta—"

"Doka." Ya jefa tsumman a bokiti. "To, madalla. Mu je wurin mai dokar gidan nan."

Bayan la'asar aka aiko kiran ta. Malam Bashari na zaune a kan buzu, littattafai a gefensa, ya sallami masu ɗaukar karatu. Dabo na gefe ya haɗe rai. Badi'a ta zube a bakin ƙofa ta gaishe da mahaifinta, ya amsa a taƙaice.

"Yayanki ya ce kin hana shi abin da ke da hannunki kika ba shi."

Ta yi bayani. Ta faɗi jarrabawa, ta faɗi Dakta Raliya, ta faɗi yadda ta tarar da abin a shagon Ɗanladi, ta faɗi sabon akwatin. Malam ya saurara har ta kai aya, yana jan carbi.

"Na ji. Ɗanladi bare ne, kin kyauta da kika hana shi. Sauran jama'a ma kin yi musu wani, ba laifi. Amma Dabo fa? A gidan nan ba mu saba kulle wa juna ƙofa ba. Gobe a ce a gari ƙanwarsa ba ta yarda da shi ba, da wane ido zai dubi mutane? Ki ba shi. Shi ba zai taɓa abin jarrabawarku ba, ni na tsaya masa."

"Baba, ka gafarce ni."

"Na gafarta. Ki ba shi."

Ta ƙara sunkuyar da kai, idonta a kan tabarma.

"To, shi ke nan," in ji Malam, muryarsa ta yi sanyi. "Kina jin nauyin abin da shugabarku ta ce. Ni ki faɗa mini. Matso ki faɗa mini a kunne, in riƙe. Ni ko kwamfutar ban taɓa gani ba. Don dai yayanki ya san kalmar tana gidan nan, ba a fitar da mu ba."

Kai, wannan ita ce ta fi zafi. Da faɗa ya yi mata da ta fi samun sauƙi. Ga tsoho ya karkato kunnensa, ya ɗaga gefen rawaninsa, yana jira. Tunda ta yi wayo Badi'a ba ta taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ko a kan ruwan sha. Kuma ta sani sarai, duk abin da ya shiga kunnen Baba, ranar da Dabo ya roƙa ko wani dattijo ya zo da 'yar buƙata, Baba ba zai ga dalilin hanawa ba, don shi a wurinsa akwati akwati ne. Hawaye suka zubo, ta bar su.

"Baba, ba zan faɗa ba."

Carbin ya tsaya.

"Ko a kunne?"

"Ko a kunne, Baba. Amana ce aka ba ni ni kaɗai. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Malam ya dube ta, ya daɗe yana duban ta. Sannan ya saki gefen rawanin, ya jawo littafi ya buɗe.

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi da ƙyar. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba. Baƙin ciki ya cika ta, amma ko sau ɗaya ba ta ji a ranta cewa ta koma ta faɗa ba.

Da safe ta je sallama. Malam bai ɗago daga karatunsa ba, ya ce, "Allah ya kiyaye," ya ci gaba. Tana fitowa da jakarta ta ga Dabo a kan babur ya tayar, fuskar nan a murtuke.

"Hau in kai ki Kabo."

Ta hau. An yi ruwa, gonaki sun yi kore, mutane na ta noman farko suna ɗago musu hannu, Dabo na amsawa da ka. Sun yi nisa da gari, sai ya sauka daga hanya ya tsaya a gindin wata ɗorawa, ya kashe babur. Bai juyo ba, yana kallon gabansa ya fara magana.

"Ranar da na karanta saƙon nan a zaure, Alhaji Sajo yana wurin."

Alhaji Sajo surukinsa ne, mahaifin matarsa, mutumin da Dabo ko sunansa ba ya iya kamawa a gabansa, in ya hango shi sai ya cire takalmi.

"Da aka watse ya kira ni gefe. Ɗan autansa yana ajin da kike koyarwa, an ce lissafin nan ya kayar da shi bara, in ya sake faɗuwa za a kore shi. Ya ce in tambayoyin sun iso in bugo masa. Ya ce ai taimako ne, abu na gida."

Badi'a ta sauko daga babur ɗin, ta zagayo gabansa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce to." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Me zan ce? Surukina ne. Ya dube ni ya roƙe ni abu, in ce masa a'a? Bakina ba zai iya ba. Wallahi Badi'a, da ba ki kulle ba, ranar Litinin da na bugo masa. Ina sane da abin da zai jawo miki, kuma da na bugo."

Tun jiya take cin kanta a kan ta zargi wanda bai ji ba bai gani ba.

"To me ya sa ka kai ni gaban Baba?"

"Don in ya tambaye ni in ce na yi iya yina. Da kika durƙusa jiya, ina zaune ina addu'a a raina kada ki faɗa. Kuma ina jin haushinki, duka biyun." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Yanzu ina da abin faɗa masa. In ce ta kulle, mahaifinta ma ta hana shi, balle ni."

Wata mota ta wuce a kan titi tana hon. Dabo ya jira ta yi nisa.

"Amma ba zai haƙura ba, na san shi. Zai je wurin Baba da kansa, ba zai ambaci jarrabawa ba, zai ce yarinya ta raina manya. Baba zai sake kiran ki. Ni ma ƙila ki ga na zo Kano ina yi miki faɗa. Kada ki ba ni. Ko na yi rantsuwa, ko na yi fushi, kada ki ba ni."

"Sai mu faɗa wa Baba gaskiyar magana mana, Yaya. In ya ji dalili ai zai huce."

Dabo ya girgiza kai. "Kakan 'ya'yana ne. In Baba ya ji, zumuncin gidajen nan biyu ya ƙare, matata kuma ta shiga tsakiya. Ki rufa mini wannan."

"Wato Baba ya ci gaba da ganin na raina shi."

Ya sunkuyar da kai yana murza hannun babur.

Badi'a ta juya ta dubi hanyar Gammo. Ta tuna tsohon da ya ɗaga gefen rawaninsa yana jira, ta san za ta sake durƙusawa a gabansa ta sake faɗin abin da ta faɗa, kuma ba za ta iya gaya masa dalili ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta goge idonta da bakin hijabi, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta koma ta hau bayansa.

"To, na ji," ta ce. "Tayar mu tafi, Yaya, kada motar Kano ta cika."